Daga jirgin sama maras inji zuwa dazukan Anka da Bukkuyum: Yadda tauraron ɗan'adam ke gano wanda ya ɓace

A ranar Lahadi 18 ga watan Yulin 2021, da tsakar rana, 'yan bindiga suka buɗe wa wani jirgin yaƙin Sojojin Saman Najeriya samfurin Alpha Jet wuta, yana kan hanyarsa ta komawa sansani bayan wani farmaki da ya kai a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Jirgin ya faɗi a cikin Jihar Zamfara, amma matuƙinsa, wani matashin hafsa mai suna Abayomi Dairo, ya samu ya fice da laimar sauka. Kamar yadda rundunar ta bayyana daga baya, ya laɓe har rana ta faɗi, sannan ya ratsa daji cikin duhu yana duba hanya da wayarsa, har Allah Ya kai shi wani sansanin sojojin ƙasa.

Duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali, tambayoyi biyu ne ke gabansa. Ta farko ita ce: ina nake? Ta biyu kuwa, wadda sau da yawa ta fi nauyi, ita ce: masu nemana sun san inda nake? Wayar hannu tana iya amsa ta farko ko da babu sabis. Ta biyun ce ke cin rayuka, kuma daga cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa suna neman amsarta akwai masu tuƙa jirgin sama maras inji, wanda Turawa ke kira gilaida. Ba a saba ganin irin wannan jirgi a sararin samaniyar Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba, amma dabarar da matuƙansa suka runguma ta dace da halin da yammacin Zamfara ke ciki fiye da yadda ake zato.

Jirgin da ke tafiya da iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta da hantsi ya ga yadda ungulu ke shawagi tana kewayawa, tana ƙara yin sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Sirrin abin shi ne, idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta takan yi zafi ta tashi sama kamar hayaƙi. Guguwar nan da ke murɗa ƙura da karmami a lokacin bazara wani ɓangare ne na wannan iska da ido ke iya gani. Ungulu da shaho suna shiga cikinta ne ta ɗaga su.

Haka jirgi maras inji yake yi. Yana da dogayen fukafukai sirara da jiki maras nauyi. Wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan sa da igiya zuwa sama, ko kuma a fizge shi da injin naɗe igiya daga ƙasa, sannan a sake shi. Daga nan sai matuƙi ya shiga farautar iska mai tashi, ya hau wannan, ya zame zuwa waccan. Jirgi mai kyau yana iya tafiyar kilomita 40 ko fiye a duk mita 1,000 da ya sauko. Da wannan dabara wani Bajamushe mai suna Klaus Ohlmann ya yi tafiyar fiye da kilomita 3,000 a yini guda a kan tsaunukan Andes na ƙasar Ajantina a shekarar 2003.

Wasan ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. A zamanin Kwame Nkrumah, Ghana ta kafa makarantar koyon tuƙin irin wannan jirgi a garin Afienya, ƙarƙashin jagorancin wata matuƙiya Bajamushiya mai suna Hanna Reitsch, wadda ta zauna a ƙasar daga 1962 zuwa 1966. A yau kuma matuƙa daga Turai kan yi tururuwa zuwa Namibiya da Afirka ta Kudu a ƙarshen kowace shekara, saboda zafin ƙasashen na samar da iska mai ƙarfi.

Sai dai jirgin da ba shi da inji ba ya da tabbacin inda zai kwana. Idan gajimare ya rufe rana, ko yamma ta yi iskar ta mutu, dole matuƙi ya nemi gona ko wani fili ya sauka. Wannan ba haɗari ba ne a wurinsu, abu ne da suke koyo tun farkon horo. Amma yana nufin a kowace ranar tashi, abokan da ke ƙasa za su iya wayar gari ba su san ko ɗan'uwansu yana zaune lafiya a gonar wani yana jiran mota ba, ko kuwa yana kwance da karaya a gindin dutse. Ga shi kuma jirgin ƙarami ne, an yi shi da kayan da na'urar rada ba ta cika gani sosai ba, kuma ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya kamar jirgin fasinja.

Lissafin da'ira

Domin a gane girman matsalar, a ɗauka jirgi yana tafiyar kilomita 120 a sa'a guda. Idan an yi sa'a ɗaya ba a ji daga gare shi ba, kuma ba a san inda ya fuskanta ba, to yana iya kasancewa a ko'ina cikin da'irar da ta kai kilomita 120 ta kowace fuska. Faɗin wannan da'ira ya haura murabba'in kilomita 45,000, wato ya zarce faɗin Jihar Zamfara baki ɗaya, wadda ba ta cika murabba'in kilomita 40,000 ba.

Idan kuwa jirgin yana ɗauke da na'urar da ke aika labarin inda yake duk bayan minti 10, da'irar za ta koma kilomita 20 ta kowace fuska, kimanin murabba'in kilomita 1,250. Idan duk bayan minti 2 take aikawa, abin da za a bincika bai wuce murabba'in kilomita 50 ba. Bugu da ƙari, jerin ɗigon da ta bari a kan taswira yana nuna inda jirgin ya dosa, kamar yadda sawun raƙumi ke nuna wa mai bin diddigi gabas ya yi ko yamma. Wannan shi ne dukkan amfanin na'urar: ba ta hana jirgi faɗuwa, amma tana mayar da neman kwanaki ya koma na sa'o'i. Ga mutumin da jini ke zuba a jikinsa, ko wanda ƙishirwa ta kama a zafin watan Afirilu, sa'o'in nan su ne tsakaninsa da mutuwa.

Labarin Steve Fossett ya isa misali. Wannan attajiri ɗan Amurka gwani ne wajen tuƙa jirgi maras inji, domin a shekarar 2006 shi da abokinsa Einar Enevoldson sun kafa tarihi da suka haura mita 15,000 a sama. A ranar 3 ga Satumban 2007 ya tashi shi kaɗai a wani ƙaramin jirgi mai inji daga wata gona a Jihar Nevada, da niyyar ya ɗan zaga ya dawo. Bai dawo ba. An shafe makonni ana bincike da jirage masu yawa a faɗin dubban murabba'in kilomita, har aka riƙa cin karo da tarkacen wasu tsofaffin jirage da suka faɗi shekaru da dama, amma nasa ya zama allura cikin ruwa. Sai a ƙarshen Satumban 2008 wani mai yawon hawan dutse ya tsinci katunan shaidarsa a tsaunukan Kaliforniya. Binciken da aka yi ya nuna da wuya a ce ya rayu bayan faɗuwar, don haka na'ura ba za ta cece shi ba. Amma da ta hutar da iyalinsa zaman zullumi na shekara guda, ta kuma hutar da masu ceto da suka sa rayukansu cikin haɗari.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar bin diddigi ba ta wuce girman tafin hannu ba, kuma ayyuka biyu take yi da mutane kan ɗauka ɗaya ne.

Aiki na farko shi ne sanin wuri. Taurarin GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowane yana watso saƙo mai ɗauke da lokaci da matsayinsa. Idan na'ura ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta auna tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta fitar da inda take da kuskuren da bai wuce 'yan mitoci ba. A wannan mataki saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Shi ya sa wayar da ba ta da sabis take iya nuna wa mai ita inda yake, muddin akwai taswira a cikinta, amma ba wanda zai sani sai shi.

Aiki na biyu shi ne faɗa wa wani. Na'urorin da ake maƙala wa motoci a Kano da Kaduna saboda ɓarayi suna aika labarinsu ne ta layin waya, saboda haka da zarar mota ta fita daga inda turakun sadarwa suke, sai na'urar ta zama bebiya. Ta tauraron ɗan'adam kuwa sama take aika saƙonta kai tsaye. Kamfanin Iridium yana da taurari 66 da ke kewayawa a nisan kimanin kilomita 780, suna miƙa wa juna saƙo har ya isa tashar ƙasa, kuma sun game duniya baki ɗaya. Na'urar inReach ta kamfanin Garmin da su take aiki, tana kuma iya aikawa da karɓar gajeren saƙon rubutu. Na'urar SPOT, wadda ta fito a 2007, tana amfani ne da taurarin kamfanin Globalstar. Dukkansu suna da maɓallin neman agaji, da kuma wani maɓalli da ke aika saƙon cewa mai ita yana lafiya. Wannan na biyun ya yi wa matuƙan gilaida rana matuƙa, domin wanda ya sauka a gona lafiya sai ya danna shi, a tura masa mota ba tare da an tayar da hankalin kowa ba.

A Turai matuƙan suna da wata na'urar mai suna FLARM, wadda aka ƙirƙira a Suwizalan a 2004 domin gargaɗin jirage biyu idan suna shirin yin karo. Masu sha'awar wasan sun kakkafa ƙananan tashoshi a ƙasa da ke kama siginarta suna nuna jiragen a intanet. Tsari ne mai araha, amma ya dogara da tashoshin ƙasa da wutar lantarki da intanet. Inda babu waɗannan, kamar hamadar Namibiya, sai a koma ga tauraro.

Ƙararrawar da gwamnatoci suka kafa

Ban da na'urorin 'yan kasuwa, akwai wani tsari na ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat, wanda Kanada da Faransa da Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka amince su kafa a 1979, a tsakiyar yaƙin cacar baka. Ceton farko da aka yi da shi ya faru ne a watan Satumban 1982, lokacin da aka gano wani ƙaramin jirgi da ya faɗi a tsaunukan yammacin Kanada, aka fito da mutum uku da rai. Daga lokacin zuwa yau an ceci fiye da mutum 50,000 ta wannan hanya. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga tsarin, kuma Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ita ce aka ɗora wa kula da cibiyarsa a Abuja.

Na'urorin wannan tsari iri uku ne: ta jirgin sama, wadda ke tashi da kanta idan jirgi ya bugi ƙasa; ta jirgin ruwa; da kuma ta aljihu wadda mutum ke kunnawa da hannu. Suna watsa sigina mai ƙarfi a kan zangon megahaz 406, kuma ba a biyan kuɗin wata-wata. Rauninsu shi ne ba sa cewa uffan sai bayan abu ya faru. Idan faɗuwar ta karya eriya, ko jirgin ya kife a kanta, ko wuta ta cinye ta, shi ke nan. Na'urar bin diddigi kuwa tun kafin haɗari take barin sawu, ta yadda ko ta farfashe, ɗigonta na ƙarshe yana nan. Saboda haka matuƙan da suka san ciwon kansu sukan ɗauki duka biyun.

Manyan jiragen fasinja ma sai da suka sha wuya kafin su koyi wannan darasi. Jirgin Air France da ya faɗa Tekun Atilantika a 2009 da mutum 228 sai da aka yi kusan shekara biyu kafin a gano gangar jikinsa. Jirgin Malesiya mai lamba MH370 ya ɓace a ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239. Bayan waɗannan ne Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar cewa kamfanoni su riƙa sanin inda manyan jiragensu suke aƙalla duk bayan minti 15 idan suna ratsa teku. A gida Najeriya, wani jirgin Alpha Jet ya ɓace a Borno a ranar 31 ga Maris 2021, kuma sai bayan kusan shekara guda sojoji suka sanar da gano tarkacensa a dajin Sambisa.

Abin da ya shafi Anka, Gummi da Bukkuyum

Matsalar matuƙin gilaida ita ce tafiya mai nisa a inda babu mai ganinsa kuma babu hanyar kira. Wannan kuwa ita ce rayuwar yau da kullum ta duk wanda ya bar kwalta a yammacin Zamfara. Daga babbar hanyar da ta taso daga Mayanchi ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi, da zarar mutum ya karkata zuwa Bagega ko ƙauyukan da ke bakin dajin Gando a Bukkuyum, sabis ɗin waya sai ya zama na jeka-ka-dawo. A watan Satumban 2021 ma an ga abin da ya fi haka, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin rufe layukan waya a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, rufewar da ta haura wata biyu a wasu yankuna. A tsawon wannan lokaci, duk wata na'ura da ta dogara da layin waya ta zama kwalliya.

Masu bin waɗannan hanyoyi suna da yawa. Tun da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, annobar da ta kashe yara fiye da 400 a wurare irin su Dareta da Abare da Yargalma, ma'aikatan lafiya ba su daina zirga-zirga a yankin ba. Akwai masu allurar rigakafi, da malaman gona, da jami'an zaɓe, da direbobin da ke kwaso hatsi da dabbobi daga kasuwannin ƙauye. A watan Disamban 2024 kuma Ministan Ma'adanai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sanya wa jihar tun 2019, abin da ke nufin masu binciken ƙasa da injiniyoyi za su ƙaru a dajin. Motar asibiti ko ayarin ma'aikata da ke barin sawu duk bayan 'yan mintoci, idan suka yi shiru, ofishinsu zai san daidai inda shirun ya fara.

Ta fuskar sama ma akwai abin dubawa. A ranar 2 ga Maris 2021, bayan sace ɗaliban makarantar 'yan mata ta Jangebe, Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara, a daidai lokacin da zargi ya yi yawa cewa wasu jirage masu saukar ungulu na sauka a daji. Na'urar rada ba ta cika ganin jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa nesa da tasharta ba. Da a ce kowane ƙaramin jirgi mai izini yana barin sawu ta tauraron ɗan'adam, da hukuma za ta iya cewa wannan na wane ne kuma ga inda ya je, sannan duk jirgin da aka gani babu sawunsa ya zama abin tuhuma. Yayin da jihar ke fatan ganin harkar jiragen sama ta bunƙasa da aikin filin jirgin Gusau, wannan tambaya za ta ƙara nauyi.

Inda gizo ke saƙa

Na'urar tana da iyakarta, kuma ya kamata mai saye ya san ta. Tana buƙatar ganin sarari, don haka rufin kwano ko duhuwar itatuwa ko kwazazzabo na iya tare saƙonta. Batirinta yana ƙarewa da sauri idan aka sa ta aika saƙo akai-akai. Kuɗinta da na rajistar wata-wata da dala ake biya, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa shi kaɗai, ko da yake bai fi ƙarfin ma'aikata ko ƙungiyar direbobi ba. Kuma akwai haɗarin da ba ta da maganinsa. Lokacin da kwalekwale ɗauke da manoma ya kife a Gummi a watan Satumban 2024 aka yi asarar rayuka da dama, abin da ake buƙata shi ne rigar kariya daga nutsewa da kuma rage lodi, domin wanda ruwa ya ci ba ya jiran tauraro.

Sannan akwai batun tsaro, wanda matuƙin Turai bai san da shi ba. Shi yakan buɗe shafinsa ga duniya domin abokai su kalli tafiyarsa. A yankin da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka zama annoba, yin haka kiran ajali ne. Bayanin inda ayari yake dole ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku amintattu. Haka kuma na'urar sadarwa ta tauraro aba ce da jami'an tsaro ke sa wa ido. A 2013 sojoji sun haramta amfani da wayar Thuraya a Borno. Duk ma'aikatar da za ta raba wa jami'anta irin wannan na'ura, wajibi ne ta nemi izinin hukumomin da abin ya shafa, ta kuma sanar da jami'an tsaron yankin, don kada abin kariya ya zama abin zargi a shingen bincike.

Babban sharaɗi kuwa shi ne wanda ke ɗaya gefen. Ƙungiyoyin matuƙan gilaida suna da al'ada mai sauƙi: kafin jirgi ya tashi ana rubuta sunan matuƙi da inda ya nufa, akwai wanda aka ɗora wa duba taswira, kuma ba a rufe filin da yamma sai an ƙirga kowane jirgi. Idan ɗigo ya tsaya wuri guda ba tare da saƙon lafiya ba, an san wanda za a kira da wanda zai tashi. Ana kuma yi wa kowace na'ura rajista da sunan mai ita da lambar wani nasa, domin mafi yawan ƙararrawar da ke isa cibiyoyin ceto bisa kuskure ake danna ta, kuma kira guda ya isa ya tantance. Ma'aikatar da ta sayi na'urori amma ba ta ajiye mai dubawa dare da rana ba, ba ta tanadi mota da mai ba, ba ta kuma yi yarjejeniya da sojoji ko 'yan sandan da ke Anka da Gummi kan abin da za a yi idan ƙararrawa ta buga ba, ta sayi abin da zai nuna mata inda ta yi asara ne kawai.

Abayomi Dairo ya tsira da horonsa da wayarsa da taimakon Allah, ya kai kansa inda za a gan shi. Ba kowa ne zai faɗi da ƙafafunsa lafiya ba. Ga wanda ya karye, ko motarsa ta mutu a tsakanin Bagega da Anka bayan la'asar, abin da ya rage masa shi ne a ce wani a Gusau yana kallon ɗigonsa, ya lura ya daina motsi, kuma ya san lambar da zai kira.